Wayar Da Ta Fi Ƙarfin Hannuna

Ku da kuke bibiyata, yau ku yafe min doguwar gaisuwa, zuciyata ba ta zauna ba. Wanda kuma yau ya fara cin karo da ni, ga ni a taƙaice: shekarata ashirin da bakwai, ni ce babba a ɗakinmu, ina aikin yankar kati a wani asibitin ido, kuma hannuna na hagu ba ya riƙo. Ina 'yar shekara shida tafasasshen mai ya kware min a kai, yatsun suka naɗe suka manne da tafin. Ina iya rataya jaka a wuyan hannun, ina iya danne takarda da shi, amma ko cokali ba ya ɗauka. A gida an saba har mantawa ake yi. A waje kuwa hijabaina duk dogaye ne, Umma ce ke zaɓo min su.

Injiniya, saurayina, bai san da wannan ba. Wata biyar da suka wuce ya kawo mahaifiyarsa a duba mata ido, na yankar mata kati, hannun dama a kan tebur, na hagu a kan cinya. Lambata a wurin Sista ya samo, babbar nas ɗinmu, wadda ba ta iya ganin mutum ba aure ta bar shi ya wuce lafiya. A matatar ruwa yake aiki, tafiyar awa huɗu daga nan, shi ya sa ƙanwata Auta ke ce masa Mai Ruwa. Wurin aikinsa ƙarar injina ba ta barin a ji murya, gidanmu kuma ko tari ka yi sai an ce maka sannu daga ɗaki uku. Don haka tamu soyayyar duk a rubuce take.

Kuma wannan ya yi min daidai. A baki ni ba kowa ba ce, magana uku na yi sai ta ƙare min. Amma a ba ni 'yar ƙaramar wayata, wadda tafin hannuna ke haɗiyewa, babban yatsana yana kaiwa kowane lungu nata, sai ku ga wata daban. A ƙarƙashin tebur nake rubuta masa, a motar haya, a layin jiran canjin ma'aikata. Na ba shi labarin tsohon da aka cire wa bandeji ya kalli matarsa ya ce ashe ta tsufa. Na ba shi labarin yadda nake gane mai jin tsoron aiki tun daga yadda yake miƙo katinsa. Ya ce a kan matattakalar tanki yake zama lokacin hutu ya karanta, wani lokacin sau biyu.

Sau biyu ya zo gidanmu. Duka biyun Umma ce ta tsara zaman: ni a kujerar da ke jikin bango, ɓangaren hagu a ciki, Auta ta kawo tire. Da na yi ƙorafi, Umma ta ce ai ba ƙarya muka yi ba, shi ne bai tambaya ba. Ta tuna min da mutum biyu da suka zo a baya, suka gani da wuri, ɗaya ya ce zai yi tafiya, ɗayan ko sallama bai yi ba. Ta ce a bari ya san halina tukuna, hannu ya biyo baya. Na yarda, don ni ma tsoron nake ji.

Ana haka sabuwar wayar nan ta fito. Kun dai san yadda ake yi duk shekara. Sati guda a wurin aikinmu ba a yi wata hira ba. Masu gwajin tabarau suka rabu gida biyu, wasu na cewa ta bara ce aka ja mata tsawo aka ƙara kuɗi, wasu na cewa wanda bai da halin saye ne ke faɗin haka. Sista ta kalli bidiyon tallarta ta ce idan aka ci gaba a haka, nan da shekara uku sai an riƙa ɗaukar waya a ka. Wani mara lafiya da aka ɗiga wa magani ya tsoma baki daga kan benci, idonsa a rufe, ya ce shi dai ya gode wa masu ƙara girman, ko ba komai zai ga sunan mai kiransa. Ni dariya kawai nake yi. Ban san da ni ake ba.

Ranar Laraba na dawo na tarar da kwali a kan gadona, da 'yar takarda a jiki: “Na sayi biyu, ɗaya taki ɗaya tawa. Don ki daina wahalar da idonki.” Auta ta riga ta haddace komai nata, girman fuskar, yawan kyamarorin, awa nawa take yi ba caji. Baba ya juya ta gaba da baya, ya tambaya ko an haɗo da ƙafafun da za a kafa ta a falo. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zo kwana biyu a lokacin, tata wayar kuma ta faɗa ruwa. Kafin in buɗe baki Auta ta zare layina ta mayar cikin sabuwar, Umma ta miƙa wa Gwaggo tsohuwar.

“Me za ki yi da wannan 'yar ficiciyar kuma?” in ji Umma. “Allah ya ɗaga ki, ki ɗagu.”

Washegari Gwaggo ta wuce garin 'yarta da wayata a jaka.

Da yamma na zauna a bakin gado na ɗauki sabuwar. Yatsu huɗu suka tallafe bayanta da ƙyar, babban yatsana ya miƙe iya miƙewa, tsakiyar fuskar kawai ya kai. Duk haruffan da ke can gefen hagu sun yi min nisa. Na karkata ta don in kai, ta zame ta faɗa kan katifa. Na ɗora ta a kan filo na shiga dannawa da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar tsaba. Saƙon da nake rubutawa a minti biyu ya ɗauke ni kwata, kafin in gama abin da nake son faɗa ya huce.

A wurin aiki abin ya fi muni. Ba ta ɓoyuwa a ƙarƙashin tebur, sai na shimfiɗa ta a sama, kowa ya zo wucewa sai ya tsaya ya ɗaga ta ya auna nauyinta ya ce ma sha Allah. Kwana na biyu babban likita ya ce kada ya ƙara ganin waya a kan teburin kati. A mota kuwa hannu ɗaya gare ni, ko in riƙe ƙarfe ko in riƙe ta. Saƙonnina suka koma “lafiya lau”, “to”, “sai anjima”. Rana ta huɗu ya rubuto: “Malama, na yi laifi ne? Ko wayar ce ba ta yi miki ba?” Na daɗe ina kallon tambayar. Amsarta a hannuna take, a cikin hijabi.

Na je layin masu waya ranar da na tashi da wuri. Mai shagon da na shiga ya saurare ni, ya yi dariya, ya ce ƙananan nan an daina kawo su, babu mai tambaya, sai dai irin mai maɓallai ta tsofaffi. Ya ce ni ce mutum ta farko a shekarar nan da ta zo da babba tana neman ƙarama. Mutumin kirki ne dai. Ya matse min haruffan zuwa gefen dama, ya manna min zobe a bayanta in riƙa zura yatsa. Ya ɗan taimaka, amma nauyin yana nan, minti biyar wuyan hannuna ya fara zogi. A hanyar dawowa direba ya taka birki, zoben ya ɓalle, wayar ta daki ƙasan mota, kusurwa ɗaya ta tsage.

Umma ta ga tsagin kafin in cire takalmi. Ta ce kyautar mutum sati guda, idan ya gani me za a ce masa. Ta ce kuma Auta ta gaya mata yaron yana ta tambaya ko an daina yi da shi. Nan take ta yanke hukunci: waya ta zauna a gida, in faɗa, Auta ta rubuta.

Auta shekararta ashirin da ɗaya, ta gama karatu tana jiran sakamako, zaman gida ya ishe ta. Idan ta kama waya da hannu biyu, manyan yatsunta gudu suke kamar keken ɗinki. Muka fara: ni a bakin gado, ita a kan darduma, ta ce ina jin ki. To ku gaya min, wace ce za ta kalli ƙanwarta ta ce rubuta masa na yi kewarsa? Abin da nake iya rubutawa ba na iya furta shi. Sai in ce ta ce masa na wuni lafiya.

“Haba Yaya, wannan ai gaisuwar maƙwabta ce,” ta ce. “Bari in sa mata gishiri.”

Ta sa. Ya turo dariya har layi biyu. Umma da ke jin mu daga ƙofa ta ce yauwa, haka ake yi.

Da farko sai na dawo ake amsa masa. Daga baya Auta ta ce ba daɗi a bar mutum tun safe yana jira, ta ɗan riƙa taɓa masa kafin in iso. Ban hana ba. Sai ya zamana ina dawowa, in yi wanka, in yi magariba, in ɗora wayar a kan filo in karanta hirar da na yi yau. Ashe na tsokane shi a kan hular aikinsa. Ashe na ce masa ina son ruwan sama, ni da ke ƙin jiƙewa. Wani lokacin ina karantawa in yi murmushi, sai in tuna ba ni aka yi wa maganar ba, kuma ba ni na yi ta ba. A falo ana ta hira da dariya, ni ina ɗaki ina leƙen soyayyata kamar wadda ta tsaya a taga.

Na gwada karɓewa, kada ku ce ban gwada ba. Wata ranar na zauna na tsinci haruffa na rubuta masa dogon saƙo, irin na da. Kafin in gama ya turo uku, na rasa wanne zan bi. Da nawa ya isa, ya ce yau kamar na gaji, in je in huta. Washegari Auta ta karɓa, ya ce yauwa, Malamarsa ta dawo. Har ya ƙara da cewa tun da wayar nan ta zo na sake da shi, ya san kuɗinsa bai tafi a banza ba. Tun daga ranar ban ƙara rubuta masa ba.

Ranar wata Talata na dawo na tarar da hirar da ta fi min ciwo. Ya rubuto da rana cewa an ɗauke abokin zamansa zuwa wani wuri, yanzu shi kaɗai ne a gidan ma'aikata, kuma a tsaye yake cin abinci, don zama shi ɗaya a tebur yana sa abincin ya ƙi wucewa. Bai taɓa buɗe cikinsa haka ba. A ƙasa ga amsata: “Daga yau idan za ka ci, ka jingina wayarka da kofi a ɗaya gefen teburin. Ai girmanta ya kai a ba ta kujera. Ka ɗauka ni ce zaune.” Ya ɗauki hoton teburin da tsohuwar wayarsa ya turo, faranti ɗaya, sabuwar a jingine. Bai ce komai ba sai “Na zauna.”

Ba zan yi muku ƙarya ba, maganar ta yi kyau. Ni ba zan taɓa tuno ta ba. Da ni ce, da wani abu zan rubuta, mai tsawo, in gaya masa ni ma na san cin abinci a cikin mutane kana jin kai kaɗai ne. Wataƙila da ya fi son nawa, wataƙila a'a. Babu wanda zai taɓa sani, kuma wannan ne ya sa ni kuka, na kifa fuska a filo don kada a ji.

Kwana biyu bayan haka ya ce ya yi magana da kawunsa, manya za su zo ƙarshen wata, amma shi zai fara zuwa ranar Asabar. Umma ta yi sujada a tsakar ɗaki. Baba ya ce Alhamdulillahi, ya ci gaba da gyaran rediyonsa. Auta ta rungume ni. Na lura kwanan nan a gefenta ake sa wayar caji, kuma da bakin ɗankwalinta take goge fuskar. Na tambaye ta ko abin bai fara damunta ba. Ta ce taimakona take yi, ba ta ɗago ba.

Ranar Juma'a na samu Umma a kicin na ce gobe zan nuna masa. Ta ce in bari manya su zo, magana ta yi nauyi, sannan. Na ce idan ya gani bayan haka zai ce an rufe shi, kuma gaskiyarsa ne. Ta daɗe tana goge tukunyar da ta riga ta bushe.

“Ni na ajiye kaskon man nan a ƙasa,” ta ce. “Shekara ashirin da ɗaya kullum sai na tuna. Ki bar ni in ga kin shiga ɗakinki, ko na samu in yi barci.”

Ban taɓa jin ta faɗa ba. Na so in ce mata na yafe, amma ban taɓa riƙe ta ba balle in yafe, sai kawai na tsaya kusa da ita har ta ajiye tukunyar. Ba ta ce ta amince ba, ba ta kuma ƙara hana ni ba.

Asabar bayan la'asar ya iso. Na sa doguwar riga ruwan toka mai hannu daidai wuyan hannu, na yafa ƙaramin mayafi, na bar hijabin a rataye. Auta ta miƙo hannu za ta ɗauki tire, na ce ta bari. Na ɗora shi a dama, na tallafe gefensa da wuyan hannun hagu, na shiga falo kofuna suna kaɗawa. Na ajiye a gabansa, na zauna a kujerar tsakiya, na ɗora hannuwana biyu a kan gwiwa.

Ya gani. Ya kalla sosai, bai yi irin kawar da kan da mutane ke yi ba. Ya tambaya ko yana min ciwo, na ce sai lokacin sanyi. Ya tambayi yadda aka yi, na gaya masa, na gaya masa har da zancen kujerar jikin bango. Ya ce ya ji zafin ɓoyewar, amma ya gane dalili, kuma shi ba hannu ya zo nema ba. Ya ce maganar manya tana nan yadda take.

Wani abu da ya shekara ashirin a ƙirjina ya sauka. Har na ji ina son in yi dariya. Ya hango wayar a hannun kujera, ya ga tsagin, ya dafe kai ya ce ashe azaba ya aiko min, in yafe masa, zai sa a nemo min ƙarama ko a ina take. Ya ɗauke ta yana auna ta da tafinsa, ya kalli hannuna na dama, ya sake kallon wayar. Mutum ne mai lissafi, aikinsa ke nan. Na ga lokacin da murmushin ya tsaya.

“Amma saƙonninki da sauri suke zuwa,” ya ce a hankali. “Har ba na iya kamo ki.”

Ya zaro tasa wayar, ya ja sama, ya ja, ya tsaya, ya juyo min da fuskar. Girmanta ya sa ko matsowa ban yi ba na karanta. Saƙon ranar Talata ne.

“Wannan ke kika rubuta? Ina tambaya ne don ina gama karanta shi na kira Kawu.”

Da na ce eh, da shi ke nan. Babu mai ƙaryata ni a gidan nan, Umma ma da ta sa min albarka. Amma yanzun nan na gama fito da hannu ɗaya daga ɓoye, ban da ƙarfin ɓoye wani abin.

“Ba ni ba ce. Auta ce.”

Ya tambaya tun yaushe. Na ce sati uku. Ya ce in nuna masa inda na tsaya. Na sa yatsa a kan wayarsa na shiga ja, ina wuce hirarraki, da hotuna, da dariya, shafi bayan shafi, har hannuna ya gaji kafin in iso wurin. Ya kalli nawa, ya gangara ƙasa yana bin sauran ɗaya bayan ɗaya. A wani layi bakinsa ya motsa zai yi murmushi, ya kama kansa, amma na riga na gani. Ya kife wayar a kan cinyarsa. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da na fi sanin yadda zan yi da shi.

“Tana ciki?” ya ce. “Ki kira min ita, don Allah.”

Na miƙe. Na nufi bakin ƙofa. Na ɗaga labule zan ƙwala mata kira, sai ga ta tsaye a bayansa, idonta ya yi ja. Ta riga ta yafa mayafinta na fita.